Nasiha Ga Masu Wasa da Labarin Titanic

'Ya'yana samarin Gidan Rumji da Tsibiri da Cadakori, da ku 'yan matan da ke karatu a Maradi kuna zuwa gida hutu, ina da magana da ku a kan wani wasa da ya shigo fadojinku na shayi ta cikin salula. Wasan jirgin Titanic nake nufi. Wani zai turo ɗan bidiyo, ka ga mutum ya murtuke fuska yana cewa jirgin bai taɓa nutsewa ba, musanya shi aka yi da ɗan'uwansa. Wani ya ce wani attajiri ne ya kitsa abin don ya hallaka abokan gabarsa. Wani ya ce gawar wata matar Masar ta zamanin Fir'auna aka ɗauko a ciki, la'anarta ce ta ci jirgin. Sai fada ta kaure da dariya, kowa ya ƙara nasa gishirin. Wannan ya ce ai dutsen ƙanƙarar ma biyan sa aka yi, wancan ya ce babur ɗin wane da ya ƙi tashi shi ma musanya shi aka yi da dare. Na san yawancinku ba ku gaskata ko ɗaya ba, raha ce kawai kuke yi kafin shayi na biyu ya tafasa.

Ban zo in hana ku dariya ba. Mu nan ƙasar Gobir da raha muka tashi. In Bagobiri ya gamu da Bazabarme ko Bayarabe, sai an taɓa kafin a gaisa sosai. Bafillace da Babarbare haka, taubasai haka, kaka da jika kuwa ba a magana. Har a 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan wasan dangantaka na Nijar cikin al'adun duniya da suka cancanci a adana. Amma ku dubi yadda iyayenmu suka tsara shi. Wanda kake tsokana yana zaune gabanka, yana da baki, zai rama, in ta so ta yi zafi kuma akwai manya da za su ce ya isa. Ko jikokin da ke tsokana a gidan rasuwar kakansu, tsoho ne da ya ci zamaninsa ya ga jikoki, kuma jininsa ne ke yi. Ba a taɓa jin wanda ya shiga gidan da ruwa ya ci yaro ya buɗe baki da barkwanci ba.

To bari in ba ku labarin yadda yake, domin da yawanku fim ɗin 1997 kawai kuka sani, na saurayi da budurwa, su kuwa waɗannan biyun ƙirƙirar mai fim ce.

An ƙera Titanic a Belfast, a ma'aikatar Harland and Wolff, don kamfanin White Star. Ya tashi daga Southampton ta Ingila ran 10 ga Afrilu 1912, ya tsaya a Faransa da Ailan ya ƙara fasinja, ya nufi New York da mutane kimanin 2,200. Ran 14 ga wata, wasu jirage sun yi ta aiko masa da gargaɗi ta wayar iska cewa akwai duwatsun ƙanƙara a gaba. Bai rage gudu ba, yana tafiyar da ta kai kilomita 40 a awa, cikin daren da babu wata. Da ƙarfe 11:40 ya gogi dutsen ƙanƙara ta gefen dama, ruwa ya shiga ɗakunan gaba fiye da yadda aka ƙera shi ya iya ɗauka. Da ƙarfe 2:20 na dare ya nutse. Kwalekwalen ceto 20 ne a jikinsa, masu cin mutum 1,178, wato da ƙyar suka wuce rabin mutanen da ke ciki. Kuma hakan bai saɓa doka ba, domin dokar ta 1894 ce, an rubuta ta tun jirage ba su kai wannan girma ba, babu wanda ya koma ya gyara ta. Ko waɗannan 'yan kwalekwalen ba a cika su ba. Na farko da aka saukar yana cin mutum 65, amma bai kai rabi ba aka sake shi. Akwai wani jirgi, Californian, da ke tsaye ba nisa, sai dai mai kula da wayarsa ya kashe na'ura ya kwanta. Carpathia da ya ji kiran bai iso ba sai wajen ƙarfe 4 na asuba. Ya tsamo mutum kimanin 700. Sauran, kusan 1,500, yawancinsu sanyin ruwan ne ya kashe su cikin mintoci.

Su waye waɗannan 1,500? Masu bidiyo sunan attajirai uku kawai suke kawowa. Amma mafi yawan mamatan ma'aikatan jirgin ne da talakawan da suka sayi tikiti mai arha, waɗanda ɗakunansu ke can ƙasa. Cikin fasinjojin aji na uku, kusan kashi uku cikin huɗu ba su fita ba. 'Yan ci-rani ne daga Ailan da Suwidin da ƙauyukan Siriya da Labanan, wasunsu sun sayar da ɗan abin da suka mallaka don su je neman abinci a Amurka. Ku da kuke da yayye a Libiya da Aljeriya, kuna jiran kira daga lambar da ba ku sani ba, ai ba sai an fassara muku halin da iyayen waɗannan suka shiga ba. Garin Southampton kaɗai ya rasa mutum sama da 500, akasari masu zuba gawayi a tukunyar jirgi da masu hidimar abinci, har akwai layin da kusan kowane gida an yi makoki. Injiniyoyin jirgin babu wanda ya tsira, sun tsaya a ƙasa suna riƙe da wutar lantarki don mutane su ga hanya. Akwai kuma wani baƙar fata ɗan Haiti, Joseph Laroche, injiniya ne da ya yi karatu a Faransa, zai koma gida da iyalinsa. Ya sa matarsa da 'ya'yansa mata biyu cikin kwalekwale, shi ya tsaya. Ba a ga gawarsa ba.

Yanzu mu koma kan zantukan da kuke wasa da su, domin bai kamata in ce ƙarya ne in wuce ba tare da na nuna muku inda ƙaryar take ba.

Maganar musanya tana da ɗan tushe, shi ya sa take shiga kunne. Gaskiya ne Titanic yana da ɗan'uwa, Olympic, kamarsu ɗaya ga wanda bai lura ba. Gaskiya ne kuma a watan Satumba 1911 Olympic ya yi karo da wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Hawke, aka mai da shi gyara. Daga nan wani Bature, Robin Gardiner, ya rubuta littafi a 1998 yana cewa kamfanin ya sauya wa jiragen suna, ya nutsar da lalataccen don ya ci kuɗin inshora. Amma an kashe kimanin fam miliyan ɗaya da rabi wajen ƙera Titanic, inshorarsa kuwa fam miliyan ɗaya ce. Wane ɗan kasuwa ne a kasuwar Maradi zai ƙona kayansa don a biya shi abin da bai kai kuɗinsu ba? Shi Olympic da aka ce ya lalace, ya ci gaba da aiki har 1935, ya yi jigilar sojoji a yaƙin duniya na farko. Kowane jirgi kuma yana da lambar ma'aikata da ake bugawa a sassansa: Olympic 400, Titanic 401. A 1985 wata tawaga ta Amurkawa da Faransawa, ƙarƙashin Robert Ballard da Jean-Louis Michel, ta gano jirgin a zurfin mita kusan 3,800, kuma masu nutso da suka biyo baya sun ga 401 a jikin farfelarsa. Ku ƙara da wannan: dubban ma'aikata suka ƙera jiragen nan biyu. A ce dukkansu sun riƙe asiri har kabari, babu wanda ya faɗa wa matarsa ko ɗansa? Ku da kuka san yadda magana ke zaga gari kafin la'asar, ku auna.

Ta attajirin kuwa, wai J. P. Morgan ne ya shirya kashe John Jacob Astor da Benjamin Guggenheim da Isidor Straus don suna adawa da kafa babban bankin Amurka. Gaskiya ne Morgan yana da hannu a kamfanin da ya mallaki White Star, kuma ya fasa tafiyar. Gaskiya ne mutanen uku sun mutu a jirgin. Iyakarta ke nan. Babu wata shaida cewa sun yi adawa da bankin, kuma Morgan kansa ya rasu a watan Maris 1913, watanni kafin a kafa bankin a Disamba. Ta yaya kuma mutum zai tabbata cewa waɗannan ukun ba za su shiga kwalekwalen ceto ba, alhali attajirai da yawa sun shiga sun tsira? Ta gawar Masar ba ta ma kai a ɓata mata lokaci ba. Abin da ake magana a kai murfin akwatin gawa ne, yana gidan adana kayan tarihi na Landan tun kafin a ƙera jirgin, yana can har yau.

Za ku ce, to Baba, ai mu ma mun san ƙarya ce, shi ya sa muke dariya. Na yarda. Sai dai a fada, wanda ya yi maganar ana ganin fuskarsa, ana jin muryarsa, kowa ya san wasa ne. Da zarar ka danna ka tura, fuskar da muryar sun tsaya a fada, maganar ce kaɗai ta tafi. Za ta isa ga ƙaninka ɗan shekara goma sha biyu da bai taɓa jin labarin ba sai ta nan. Za ta isa ga gwaggonka da ba ta karatu, wani ya mayar mata da shi saƙon murya da Hausa, ya buɗe da sallama da salati, ya rufe da cewa a tura wa 'yan'uwa Musulmi. A hannu na huɗu ta zama "an ce", a na goma ta zama "bincike ya tabbatar". Magana zarar bunu ce, ta salula kuwa ta fi kowace wuyar mayarwa. Malamanmu sun karantar da mu abin da ke cikin Suratul Hujurat na bincika labari kafin a yi aiki da shi, sun kuma ja mana kunne cewa faɗar duk abin da aka ji kaɗai ya isa ya sa mutum cikin maƙaryata. Ban ji inda aka cire wanda ya ce wasa yake ba, sai ma kashedi da aka yi na musamman ga mai ƙaga ƙarya don ya ba mutane dariya.

Kada ku ɗauka ina cewa ku gaskata duk abin da Bature ko hukuma ta faɗa. Ƙasar nan ta ga abin da ya isa ya sa mutum zargi. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙona garuruwa, Birnin Ƙonni ta shaida, kuma kaburburan Voulet da Chanoine suna Maijirgi a kan hanyar Tasawa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Waɗannan sun faru, kuma an san sun faru ne saboda akwai shaidu da takardu da sunaye da ranaku, akwai waɗanda suka tsaya suka bi diddigi. Amma ku tuna abin da ya biyo baya. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi, cutar ta sake bazuwa, ta tsallako iyaka ta shigo mana, ta kai ƙasashe da dama. Akwai waɗanda yanzu sun zama magidanta suna jan ƙafa saboda wannan. Mutumin da ya saba haɗiye kowane zargi ba tare da tambaya ba, ranar da zargi na gaskiya ya zo ba zai iya bambance shi ba, kuma in ya faɗa ba mai sauraron sa.

Abin da ya fi damuna dai shi ne wannan. Duk labarin makirci yana ɗauke ido daga sanadin da ke fili. Titanic gudu ya kashe shi, da raina gargaɗi, da ƙarancin kwalekwalen ceto, da tsohuwar dokar da ba a gyara ba. Babu daɗin ji a ciki, babu attajiri mai ɓoyayyen nufi, amma da yake majalisar dattawan Amurka da hukumar bincike ta Ingila sun zauna sun tambayi waɗanda suka tsira sun kira abubuwan da sunansu, an gyara. Aka wajabta wa kowane jirgi wurin ceto ga kowane rai da ke cikinsa, aka ce wayar iska ba dare ba rana, aka kafa masu sintirin duwatsun ƙanƙara, a 1914 aka rattaba hannu kan yarjejeniyar kare rayuka a teku, wadda sababbin zubinta ke aiki har yanzu. Da a ce sun tsaya a kan cewa ruwa ba ya tsami banza, akwai lauje cikin naɗi, da babu ko ɗaya da aka gyara.

Kun san cewa a nan Afirka ta Yamma an yi hatsarin jirgin ruwa da ya fi na Titanic cin rayuka? Ran 26 ga Satumba 2002, jirgin Joola na gwamnatin Sanigal ya taso daga Ziguinchor zuwa Dakar, ya kife da dare a gaɓar Gambiya cikin 'yan mintoci. An ƙera shi don mutanen da ba su kai 600 ba, ya ɗauki fiye da ninki uku. Hukuma ta ƙidaya mamata 1,863, mutum 64 kaɗai suka tsira. Da yawa ɗalibai ne masu komawa makaranta da mata 'yan kasuwa masu kai mangwaro da manja. Masunta ne da ƙananan jiragensu suka fara kai ɗauki, na hukuma bai iso ba sai da gari ya waye sosai. Babu dutsen ƙanƙara, babu attajiri. Lodi ne ya wuce kima, ga iska, ga sakaci. Ba a yi masa fim ɗin da duniya ta kalla ba, shi ya sa yawancinku yau kuka fara jin sunansa.

Ku matso kusa da gida. A Satumba 2017 jirgin 'yan kasuwa da ya taso daga wajen Gaya zuwa kasuwar Lolo ta jihar Kabi ya kife a kogin Kwara, gommai suka mutu. A Mayu 2021 wani ya karye a wajen Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski da mutum sama da 150, waɗanda aka ceto ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ran 30 ga Nuwamba na shekarar, a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, kwalekwale ya nutse da 'yan Islamiyya daga Badau masu zuwa Mauludi, aƙalla 29 suka rasu. A Afrilu 2022, a Gidan Magana ta Shagari a jihar Sakkwato, wasu 29, yawancinsu yara mata da suka tafi neman itace. A Yuni 2023 a Patigi, sama da mutum 100 masu dawowa daga biki da dare. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya, abubuwa iri guda za ku tarar: tsohon jirgin katako, lodi fiye da ƙima, rashin rigar ruwa, wani lokaci kuma tafiyar dare ko kututture a ƙarƙashin ruwa. Amma me ake ji a bakin mutane? Wannan ya ce 'yan ruwa ne suka karɓi rabonsu, wancan ya ce asiri aka yi wa mai jirgin, wani ya ce ƙaddara ce a rufe maganar. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, kuma muna fatan shahada ga wanda ruwa ya ci kamar yadda aka karantar da mu. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa hana alƙali ya tambayi wanda ya zuba mutum ɗari a jirgin mutum talatin ba. Wanda ya ce 'yan ruwa ne da wanda ya ce Morgan ne, aiki ɗaya suka yi: sun sallami mai laifi, sun bar jirgi na gaba ya tashi yadda na baya ya tashi.

Mu nan ba mu da teku, amma muna da gulbi. Da rani yashi ne, yara na wasa a cikinsa. Da damina, in an yi ruwa a ƙasar Katsina ya gangaro ta Jibiya ya bi ta Madarumfa da Maradi da Tsibiri, yana iya cika a dare ɗaya ko da mu ba mu ga hadari ba. Mai gona a tsallake yana son ya koma gida kafin magariba, mai kai kaya kasuwa ba ya son ya kwana a bakin ruwa, yaro ya ga jiya iya gwiwa ne. Haka kuma motocin ranar kasuwa a kan kwaltar Madawa zuwa Maradi, mutane a kan buhuna, buhuna a kan mutane. Ku ne ke tuƙa baburan nan, ku ne kamasho da yaran mota, ku ne za ku gaji aikin fito.

Saboda haka ga abin da nake roƙon ku. In bidiyon ya sake zuwa, ku yi dariyar mai ƙaryar in kuna so, shi ya jawo wa kansa, amma ku bar mamatan, kuma kada ku tura shi gaba tsirara ba tare da kun ce ƙarya ne ba. In ƙaninka ya tambaye ka ko da gaske ne an musanya jirgin, ka ba shi lamba 401, ka ba shi labarin kwalekwale 20, sa'an nan ka ba shi labarin Joola da na yaran Bagwai, don ya san abin ba na Turawa kaɗai ba ne. In ka isa bakin gulbi ka tarar ruwa ya yi ja yana ɗauke da kara da itace, ka tambayi mutanen wurin yaushe ya zo, ka jira ya sauka ko da za ka kwana a gidan wani. In mai jirgi ko direba ya ce a ƙara mutum biyar bayan an cika, ka sauka, kuma ka faɗi dalilinka da ƙarfi yadda mata masu goyo za su ji. Za a ce ka cika tsoro, wataƙila ma a yi maka dariya a fada da dare. Ka bar su su yi. Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya ba iyayensu haƙuri, ya yi muku albarka.